Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin ƙungiyar ɗaliban garinmu kan tsarin "yaya da ƙanwa"

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Shugaba, Malam Sakatare, sauran shugabanni, da iyayen ƙungiya maza da mata, ina gaishe ku da kyau, ya karatu ya hidima da jama'a. Allah ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar da kuke yi da mu, ya ba mu sa'ar jarrabawa baki ɗaya.

Ni ɗalibar aji 4 ce, kuma tun satin da na shigo makarantar nan nake cikin ƙungiyar nan, ban taɓa fashin biyan kuɗin wata ba. Ba da bakina ni kaɗai nake magana ba. Daren Alhamis bayan isha'i mun zauna a hostal mu matan garinmu, manya da 'yan aji 2, muka tattauna har dare ya yi nisa, a ƙarshe suka ce ni in rubuta tunda na kusa fita kuma ba na neman kujerar komai. To ga shi na rubuta, kuma ina roƙo a karanta da zuciya ɗaya, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

A taron ranar Asabar da ta wuce kun yanke cewa kowane sabon ɗalibi za a haɗa shi da "yayan makaranta" wanda zai riƙe shi. Da aka saki jerin sunayen a guruf ɗin WhatsApp sai muka ga yawancin yaran mata maza aka ba su, ga sunan yarinya ga lambar wayarta a gefe kowa yana gani. Wata daga cikinmu ta ɗaga hannu a wajen taron ta tambaya ko ba za a bar mata su riƙe mata ba, aka ba ta amsa da cewa "haba, ai duk 'yan uwa ne, garinmu ɗaya, ƙanwarsa ce." Aka yi dariya aka wuce. Wannan amsar ce ta hana mu barci.

Mun san niyyar mai kyau ce, wallahi mun sani. Duk wanda ya yi rajistar shekarar farko ya san wahalarta, layin tantancewa, layin banki, asibitin makaranta, a ce ka je wancan ofis a sa maka hannu ka je a ce mai sa hannun ya fita, ga neman gado a hostal. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya ninka, makarantu da yawa suka ƙara kuɗin rajista, yarinya za ta zo daga gida da kuɗi ƙididdigagge wanda in ta yi kuskuren kwana biyu ya ƙare. Tana buƙatar mai nuna mata hanya, babu mai musun wannan. Damuwarmu ita ce sunan da kuka ɗora wa abin, da kuma wanda kuka ba sunan.

Abu na farko, kalmar "Yaya" ba ƙaramar kalma ba ce a gidajenmu. Mu Hausawa ba ma kiran na gaba da mu da gatsal ɗin sunansa, shi ya sa mai gadi Baba ne, mai abinci Mama ce ko Inna, kwandasta ma in ya girme ka sai ka ce Yaya miƙo canjina. Wannan ladabi ne, ana faɗa a wuce, babu wanda ya ɗauki wani nauyi. Amma in yarinya ta ce "wane yayana ne" to magana ta canza. A gida yaya shi ne wanda ake cewa babban wa magajin uba, shi ne zai shigo ɗaki ba ta ɗauki mayafi ba, zai aike ta ta tafi, zai yi mata faɗa ta sunkuyar da kai, zai ce ba ni wayarki in gani ta miƙa, in uba ba ya nan ma shaƙiƙin wa yana iya zama waliyyinta ranar ɗaurin aure. Tun tana rarrafe aka koya mata cewa yaya ba a yi masa musu kuma ba a zarginsa. Yanzu ku ɗauki duk wannan biyayyar da yardar da aka gina shekara 17 ko 18, ku miƙa wa saurayin da ba ta taɓa gani ba sai ranar rajista, don kawai ƙaramar hukumarsu ɗaya. Shi ya samu duk ikon yaya, amma babu abin da ya hana shi abin da aka hana yaya na gaskiya, kuma babu uwa ko uba a kusa da za su tambaye shi.

Na daɗe ina tunanin me ya sa muke gudu zuwa sunayen dangi in namiji da mace suka saba. Ina ganin don harshenmu bai ware wa wannan alaƙar suna ba ne. Mace tana da ƙawa, namiji yana da aboki, in an tsallaka kuma sai saurayi da budurwa. Yarinya ta ce "abokina ne" a gaban babarta, kowa ya san irin kallon da za a yi mata. To tsakiyar nan da babu suna sai aka ara daga gida, yayana, ƙanwata, antina, ƙanina, wasu har da babana da mamana, don a rufe bakin mutane kuma a kwantar da hankalin kai. Kakata ta ba ni labarin ƙanwar rana a zamaninsu, budurwa ko matar aure ta ga yarinyar da ta kwanta mata a rai sai ta aika da goro gidansu, iyaye su sani su amince, daga nan ta zama yayarta, ranar aurenta ita ce kan gaba a hidima, ranar haihuwa haka, har tsufa. Haka uwar ɗaki da 'yar ɗakinta. Kun ga iyayenmu ma sun ƙulla 'yan uwantakar da ba ta jini ba, amma mace da mace suka yi ta, a gaban manya, kuma kowa ya san abin da ke kansa. Mu kuma mun ɗauki sunan mun bar shaidun da nauyin.

Sai maganar addini, wadda na san akwai waɗanda suka fi ni sani nesa ba kusa ba a cikinku, ina tunatarwa ne kawai. Gaskiya ne Allah ya ce muminai 'yan uwan juna ne, aya ta 10 a Suratul Hujurat, kuma ita aka jawo mana a taro. Amma 'yan uwantakar imani ba ta mayar da kowa muharrami, in da tana yi da babu musulmin da zai auri musulma. Waɗanda aka haramta an lissafa su a Suratun Nisa'i aya ta 23, ta jini, ta shayarwa, ta surukuta, babu ta gari ɗaya a ciki kuma babu ta baki. A Suratul Ahzab aya ta 4 Allah ya yi magana kan mai ce wa matarsa kamar uwarsa take da mai kiran ɗan riƙo ɗansa, ya ce wannan maganarku ce kawai da bakunanku. Zaidu bin Harisa a gidan Manzon Allah (SAW) ya tashi har ana ce masa Zaidu bin Muhammad, aya ta sauka aka koma kiransa da sunan mahaifinsa. In riƙo na shekara da shekaru a gida mafi tsarki bai canza hukunci ba, yaya jerin sunaye a WhatsApp zai canza? Kuma a Bukhari da Muslim, da aka tambayi Annabi (SAW) game da ɗan uwan miji ya shiga wajen matar ɗan uwansa, cewa ya yi shi ne mutuwa. Malamanmu na Islamiyya sun bayyana mana dalili, shi na jiki ba a zarginsa, yana shiga yana fita babu mai ɗaga kai, don haka hatsarinsa ya fi na baƙo. Wannan rigar ta "ba a zarginsa" ita ce fa kuka ɗinka kuka raba ranar Asabar. Ko 'yan uwantakar da aka ƙulla a Madina tsakanin Muhajirai da Ansar, sunayen da muka karanta irin su Abdurrahman bin Auf da Sa'ad bin Rabi'i ne, Salmanul Farisi da Abu Darda'i, namiji da namiji.

Amma abin da ya fi ci mana rai, wanda muka fi daɗewa a kansa a zamanmu na Alhamis, shi ne kalmar nan ba abu ɗaya take nufi ga mai faɗa da mai ji ba. Bari in ba ku wanda na gani da idona. Shekarar da muka shigo akwai wadda muke ɗaki ɗaya, 'yar garinmu, wani ɗan aji 3 ya taimaka mata da rajista tun daga farko har ƙarshe, ta kira babarta tana murna ta ce Umma na samu yaya a makaranta, babar har dambun nama da yaji take aiko masa in an dawo hutu. Yana sa mata kati, yana kawo mata handawut, in ba ta da lafiya shi ke karɓo magani. Lokacin yajin aikin ASUU na 2022, wata 8 muna gida daga Fabrairu zuwa Oktoba, kusan kullum sai ya kira ta, kuma ko sau ɗaya bai taɓa cewa yana sonta ba, kullum ƙanwata ƙanwata. Da wani ya fito neman aurenta ta gida aka sa rana, shi ta fara gaya wa don a tunaninta yaya zai fi kowa murna. Ranar na ga tashin hankali. Ya turo mata saƙo mai tsawo yana lissafa duk abin da ya taɓa kashewa har kuɗin hoton fasfo, ya ce ta ci amanarsa ta yaudare shi, ya bi 'yan garinmu ɗaya bayan ɗaya yana faɗa, maganar ta kai gida ta kai kunnen dangin mijin, sai da manya suka shiga kafin auren ya tsira. Ta daina zuwa taron ƙungiya har yau. Ni ban ɗauke shi mugu ba, na fi zaton kunya ce da tsoron kada ta ce a'a suka sa ya ɓuya a bayan kalmar yana jiran ta gane da kanta, ita kuma ta ɗauki kalmar yadda aka koya mata a gida. Shekara 2 kowa yana karanta abu daban a cikin kalma ɗaya, kuma duk su biyun sun ji ciwo.

Akwai kuma ta ɗaya gefen. A garinmu auren zumunci ba baƙon abu ba ne, mata nawa ne a danginmu suka tashi suna ce wa ɗan baffa ko ɗan goggo Yaya kuma yau shi ne mijin, wasu har sun yi jikoki ba su daina kiransa Yaya ba. Littattafan da yaran nan ke karantawa a waya ma sau da yawa Yayan nan mai ɗaure fuska shi ne angon a ƙarshe. Don haka wata in namiji ya ce mata ƙanwata yana kula da ita, ji take somin taɓi ne, ta fara korar masu zuwa da gaske tana jira, sai wata rana ya turo mata katin bikinsa ya ce ƙanwata ke ce babbar 'yar gayya, ki fitar da anko. Wa za ta gaya wa? Ba ta da bakin cewa an yaudare ta tunda ba a taɓa yi mata alkawari ba, sai ta shige bargo ta yi kukanta, sakamakon semistar ya lalace, a gida a yi ta tambayar me ya same ta.

Ba zan ɓoye laifinmu ba don ina mace. Akwai 'yan mata a cikinmu da sun sani sarai mutum sonsu yake, amma sai su yi maza su laƙaba masa Yaya don su toshe masa baki, kuma ba su daina karɓar kati da kuɗin cefane ba. Wannan zalunci ne, mun faɗa wa junanmu a zaman, kuma samarinmu da ke cin garin kwaki don su tura wa "ƙanwa" dubu biyu su ma 'ya'yan wasu ne da aka turo karatu. Haka matan 'yan uwanmu magidanta da ke karatu tare da mu, mace tana gida da yara ta ga waya na ƙara ƙarfe 11 na dare, ta tambaya a ce mata ƙanwata ce ta makaranta ƙungiya ce ta ba ni. Da wane baki za ta yi magana ba a ce kishi ya rufe mata ido ba?

Na bar mafi muni a ƙarshe don ba na son a ce na yi wa kowa kuɗin goro. Mafi yawan samarin ƙungiyar nan mutanen kirki ne, wasunsu sun taimake ni ban taɓa ganin ko kallon banza daga gare su ba. Amma ko mutum ɗaya ne a cikin jerin nan mai wata niyya, kun ba shi lambar yarinya, kun ba shi dalilin kiranta, kun ba shi suna. Zai ce ta zo ɗakinsa na wajen makaranta ta karɓi littafi, in ta yi jim ya ce au, ba ki yarda da yayanki ba kenan? Yarinyar da ba ta yi wata ɗaya da barin gaban iyayenta ba, wadda aka yi wa tarbiyyar kada ta watsa wa babba ƙasa a ido, da wuya ta iya cewa e ban yarda ba. In wani abu ya faru kuma wajen wa za ta kai ƙara, wajen shugabannin da suka ce mata ga yayanki, waɗanda abokansa ne tare suke cin abinci? Shiru za ta yi. Mu da muke kwana da su a hostal mu muke jin irin wannan shirun, shi ya sa maganar ba ta zo mana da dariya ba.

Don haka ga abin da muke roƙo, kuma muna roƙo ne da girmamawa.

A janye jerin sunayen nan yau, a goge shi daga guruf, a kuma roƙi duk wanda ya riga ya ajiye lambar yarinya ya goge. Lambar mace ba a sake ta sai da izininta, in da hali da sanin na gida.

A sake tsarin, mata su riƙe mata maza su riƙe maza. An ce mu manyan mata ba mu da yawa, gaskiya ne, amma mun yarda kowaccenmu ta ɗauki yara 3 ko 4, mun ma fara rubuta sunayenmu. Inda aiki ya fi ƙarfinmu, kamar bin layin banki ko neman wani malami a sashen da babu mace 'yar garinmu, sai namiji ya taimaka da sunan ƙungiya, da rana, a fili, yayarta mace tana sane. In aikin ya ƙare shi kenan ya ƙare, Allah ya ba shi lada. Tutoriyal ma a yi shi a aji ko harabar masallaci, jama'a na gani.

A cire kalmar "yayan makaranta" tsakanin namiji da mace daga bakin ƙungiya. Ba muna cewa a hana yarinya gaida na gaba da ita da ladabi ba ne, Malam wane ya wadatar kuma ya fi tsari. Abin da ba ma so shi ne ƙungiya da kanta ta buga hatimi a kan 'yan uwantakar da babu ita.

A samar da inda mace za ta kai kuka ba tare da ta bi ta hannun samari ba. Muna da iyayen ƙungiya mata a cikin ma'aikatan makarantar nan, a roƙi biyu daga cikinsu su karɓi wannan, a sanar da sabbin ɗalibai tun ranar farko, kuma a rubuta a tsarin mulkin ƙungiya matakin da za a ɗauka kan wanda aka samu da laifi ko da shugaba ne.

Ranar walimar tarbar sabbin ɗalibai, maimakon a cika lokacin da jawaban godiya, a gayyato malami da malama su yi bayanin waye muharrami waye ba muharrami ba, da hukuncin keɓewa, da harshen da yaran za su gane, a bar su su yi tambaya a rubuce ba suna.

Sai roƙo na musamman ga 'yan uwanmu maza, wannan ba sai an kai shi taro ba. In kana son yarinya ka faɗa mata da Hausa, ka nemi hanyar gidansu, so ba abin kunya ba ne kuma da yawa daga cikin auren da ya fi albarka a garinmu a makaranta aka haɗu. In ta ce a'a ka ji zafi na sati biyu ka warke, ya fi ka yi shekara 2 kana ce mata ƙanwata kana tara lissafi a zuci. In kuma da gaske ƙanwa ka ɗauke ta, to wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kada ka kira ta da tsakar dare, kada ka keɓe da ita, kada ka ƙirga abin da ka ba ta, in mijin aure ya fito ka taya ta bincike ka yi mata addu'a. Mu ma mun yi wa juna alkawari a ɓangarenmu, duk wadda muka ga tana riƙe ɗan mutane da sunan Yaya tana cin kuɗinsa za mu zaunar da ita.

Sabbin ɗalibai za su fara shigowa hostal sati mai zuwa, wasu iyayen ma sun riga sun fara kiranmu suna ba mu amanar 'ya'yansu. Muna so mu ji amsarku kafin ranar, kuma a shirye muke mu turo wakilai 3 su zauna da ku duk lokacin da kuka sa, ko gobe ne bayan la'asar. In akwai inda na yi kaushi a yafe mini, ba raini ba ne.

Wassalamu alaikum.

'Yar uwarku a musulunci,
ɗalibar aji 4, a madadin matan ƙungiya.